Dandalin Ɗalibai: Tunda Na'ura Ta Iya Rubuta Manhaja, Mu Haƙura da Karatun Kwamfuta Ke Nan?

A makon jiya mun yi alƙawarin ci gaba da bayani kan yadda ake tsara jadawalin bita kafin jarrabawa, to sai ga wata wasiƙa ta shigo mana wadda ta sa muka ɗage wancan zuwa wani makon. Mun tabbata tambayar da ke cikinta tana damun ɗalibai da yawa, ko da ba su rubuto ba.

Wasiƙar ta fito ne daga Aujara, a Ƙaramar Hukumar Jahun, daga wata ƙanwarmu 'yar aji biyu a babbar sakandare. Ta ce tun tana ƙaramar sakandare take da burin karanta kimiyyar kwamfuta. Mahaifinta manomi ne, kuma ya yi mata alƙawarin idan riɗi ya yi kyau bana zai haɗa da ɗan abin da ya tara ya sayo mata kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce. Ana cikin haka sai wani ɗan baffanta da ke zaune a Kano ya zo ganin gida. Da ya ji zancen sai ya ce asarar kuɗi za a yi, domin yanzu ƙirƙirarriyar basira ce ke rubuta manhaja. Ya zaro wayarsa a gaban Baba, ya rubuta 'yan kalmomi, kafin a ƙifta ido layukan umarni sun cika fuskar wayar. Ya ce abin da za ta shafe shekara huɗu tana koyo ke nan, ga shi an gama a daƙiƙa goma. Tun daga ranar Baba bai sake ɗaga maganar kwamfuta ba. Ta rufe wasiƙarta da cewa: "Yaya, don Allah ku faɗa mini gaskiya, in ci gaba ko in canza layi tun da wuri?"

Ƙanwarmu, mun gode da kika amince mana. Mu ma ɗalibai ne, kimiyyar kwamfutar muke karantawa a nan Dutse, kuma wannan tambayar ta sha hana mu barci a ɗakin kwananmu. Saboda haka ba za mu yi miki daɗin baki ba. Za mu faɗi inda yayanki ya yi gaskiya, mu faɗi inda ya yi gaggawa, sannan ke da Baba ku yanke shawara.

Inda yayanki ya yi gaskiya

Abin da ya nuna a waya ba siddabaru ba ne. A watan Yunin 2021 kamfanin GitHub ya fito da wata manhaja mai suna Copilot, wadda take zama kusa da mai rubuta manhaja tana cike masa layi tun kafin ya gama bugawa. A ranar 30 ga Nuwamban 2022 kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, kowa ya samu damar yi wa na'ura magana da harshen mutane ta mayar masa da amsa, har da layukan umarnin kwamfuta. Bayan su wasu suka biyo baya, irin su Gemini da Claude da Cursor. Na yanzu ma sun wuce cike layi. Akwai waɗanda za ka ba su aiki su buɗe fayiloli da kansu, su rubuta, su gwada, su gyara, sannan su kawo maka rahoto.

Manyan kamfanoni kuma sun rungumi abin. A watan Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sababbin layukan umarnin da ake rubutawa a kamfaninsu na'ura ce ke samar da su, sannan injiniyoyi su duba su amince. A watan Afrilun 2025 shugaban Microsoft, Satya Nadella, ya ambaci kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a nasu kamfanin.

Labarin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne wanda ya fito daga Jami'ar Stanford ta Amurka a watan Agustan 2025. Masu bincike ƙarƙashin Farfesa Erik Brynjolfsson sun duba bayanan biyan albashi na miliyoyin ma'aikata a Amurka, suka gano cewa yawan masu rubuta manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 da ke bakin aiki ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da ƙarshen 2022. Waɗanda suka girme su suka daɗe a sana'ar kuwa, yawansu bai ragu ba, wasu rukunin ma ƙaruwa suka yi. Ma'ana ƙofar da sabon shiga yake bi ita ce ta ƙuntata. Ayyukan da a da ake bai wa ɗan koyo, kamar gina shafin intanet mai sauƙi ko rubuta fom ɗin rajista, su ne na'ura ta fi ƙwarewa a kai.

Sai dai ku sani ƙuntatar wannan ƙofa ta fara tun kafin zuwan ChatGPT. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin horar da matasan Afirka su yi wa kamfanonin waje aiki, ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a watan Satumban 2019, saboda masu ba shi kwangila ƙwararru suke nema. Kasuwa ta daɗe tana gudun mai rabin sani. Ƙirƙirarriyar basira ta zo ne ta ƙara wa gudun sauri.

Abin da ya faru da mu a hutun bara

Yanzu bari mu ba ku labarin kanmu, ko da akwai ɗan abin kunya a ciki. Muna da wani kawu da ke sayen riɗi da zoɓo a hannun manoma. Da damina yakan ba wasu bashin taki ko kuɗi, da kaka su biya da amfanin gona. Duk lissafinsa a wani tsohon littafi yake, wanda ruwa ya taɓa jiƙawa. Mu kuwa da ɗokin 'yan jami'a muka ce: "Kawu, ai zamanin littafi ya wuce, bari mu haɗa maka manhaja."

Mu biyu ne da wani abokin karatunmu. Muka buɗe ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji masu rubutu, muka bayyana mata abin da muke so: wurin shigar da sunan manomi, lambar wayarsa, abin da ya karɓa, abin da ya biya, da abin da ya rage. Kafin shayinmu ya huce ta gama. Muka gwada da sunaye uku, komai ya tafi daidai. Muka kwashe kwana biyu muna juye littafin Kawu a ciki, muna jin kanmu a sama.

Ranar da asiri ya tonu, wani dattijo ne ya zo biyan bashinsa. Buhun taki ɗaya ya karɓa, amma manhaja ta ce uku ake bin sa. Dattijo ya rantse, Kawu ya dubi waya ya dube mu. Mutane suka fara taruwa. Da ba don Kawu bai yar da tsohon littafinsa ba, da ran nan an ɗora wa bawan Allah bashin da bai ci ba, kuma da zumuncin shekaru ya lalace a kan wayarmu.

Da muka koma muka zauna muka karanta layukan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata mu yi tun farko, sai muka ga matsalar. Manhajar ta ɗauki sunan mutum a matsayin shaidar da ke bambanta shi da kowa. To ku faɗa mana, a garinku Muhammadu nawa ne? Mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, sai ta haɗe su ta mayar da su mutum guda, ta tara bashinsu wuri ɗaya. Shi Kawu a littafinsa da laƙabi da sunan unguwa yake bambanta su, mu kuma muka tsallake wannan wajen juyewa domin babu gurbinsa a fom ɗin. Muka ƙara bincike muka ga wasu kurakuran biyu. Ta ajiye lambar waya a matsayin adadin lissafi, don haka sifilin farko na kowace lamba ya ɓace. Kwanan wata kuma ta jera shi irin na Amurka, wata kafin rana, har 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris.

Laifin wa? Namu ne. Na'ura ta yi abin da muka ce, a wuraren da ba mu ce komai ba kuma ta cike da abin da ta saba gani. Gyaran bai ɗauke mu awa biyu ba: kowane manomi muka ba shi lambarsa ta daban, muka ƙara gurbin laƙabi da unguwa. Amma mun iya gyarawa ne saboda an koya mana karanta harshen Python a aji. Da ba mu iya ba, da sai dai mu tsaya muna kallon waya kamar yadda Kawu ya tsaya yana kallonmu.

Yadda abin yake aiki

Domin ku fahimci dalilin irin wannan kuskure, ya kamata ku san yadda aka gina waɗannan manhajoji. An ɗura musu rubutu mai ɗimbin yawa, har da layukan umarnin da mutane suka rubuta suka ajiye a intanet shekara da shekaru. Daga nan suka koyi hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo bayan abin da aka riga aka rubuta, gaɓa bayan gaɓa. Shi ya sa suka yi fice a aikin da aka taɓa yin irinsa sau dubbai. Shi ya sa kuma idan ka bar musu giɓi sukan cike shi da al'adar wuraren da aka fi yin rubutun, wato Amurka da Turai da Asiya. Ba su taɓa zama a rumfar awo ba. Ba su san kwano ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa ba, ba su san ana yin gyara bayan an auna ba, ba su san akwai ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis ba, sai fa idan kai ka faɗa musu. Kuma ko sun yi kuskure, da cikakken ƙarfin gwiwa suke kawo maka shi.

Su kansu ƙwararru sun shaida haka. Dandalin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja na duniya ke taruwa, yakan yi ƙuri'ar jin ra'ayi duk shekara. A ta 2025, kashi 84 cikin 100 sun ce suna amfani da waɗannan kayan aiki ko suna shirin farawa. Amma kashi 46 cikin 100 sun ce ba su yarda da ingancin abin da suke fitarwa ba, kashi 66 cikin 100 kuma suka ce babban abin da ke ba su haushi shi ne amsar da ta yi kusa da daidai amma ba ta kai ba. Irin wannan amsar ce ta kusa jawo mana rigima a rumfar Kawu.

Akwai kuma wani gwaji da wata cibiyar bincike mai suna METR ta wallafa a watan Yulin 2025. Ta ɗauki ƙwararru 16 ta ba su ayyuka 246 a manyan manhajojin da suka daɗe suna aiki a kansu, wani aikin da taimakon na'ura, wani babu. Bayan an gama, su a ganinsu na'ura ta ƙara musu sauri da kusan kashi 20 cikin 100. Da aka duba agogo sai aka ga lokacin da suka ɓata ya ƙaru ne da kashi 19 cikin 100, saboda jira da dubawa da gyara. Mutum 16 ba su da yawa, kuma kayan aikin suna ƙara inganta kullum, don haka ba za mu ce haka abin zai tsaya ba. Darasin da muka ɗauka shi ne, jin kana sauri daban, isa inda za ka daban.

Ko Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, wanda a watan Fabrairun 2025 ya yayata salon nan na barin na'ura ta rubuta komai ba tare da ka karanta ba, ya nuna cewa salon ya dace ne da ƙananan ayyukan gwaji da ake yi don nishaɗi. Lissafin bashin manomi ba ya cikin wannan sahu, balle kuɗin banki ko bayanan marasa lafiya a asibiti.

Ba yau aka fara ba

A farkon zamanin kwamfuta, da lambobi zalla ake ba ta umarni, aiki mai wahala da cin lokaci. A 1957 kamfanin IBM ya fito da harshen FORTRAN ƙarƙashin jagorancin John Backus, wanda ya bai wa mutum damar rubuta abu mai kama da lissafin aji, wata manhaja ta juya shi zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Wasu ƙwararrun lokacin sun yi shakkar abin. Daga baya aikin juyawa da hannu ya ragu ƙwarai, amma masu rubuta manhaja suka ninka, domin abin da ya yi sauƙi mutane da yawa ne ke neman a yi musu shi.

Mu duba gida ma. Da keken ɗinki ya shigo ƙasar Hausa, telan da ya iya yanka da awo ya ƙara samun kasuwa, domin rigar da yake kwana bakwai a kanta ta koma kwana ɗaya. Da injin aikin wuya mai kwamfuta ya zo, wasu masu aikin hannu sun rasa ciniki, wannan gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne ga mai iyali. Amma har gobe idan tela bai iya awo ba, injin miliyan nawa ne ba zai hana riga ta fito a karkace ba. Masu buga tafireta a bakin kotu da sakatariya kuwa, waɗanda suka koyi kwamfuta sun buɗe shagunan buga takardu, waɗanda suka ƙi koyo kasuwa ta bar su. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ba muna cewa tarihi dole ya maimaita kansa ba ne. Wannan injin ya fi na baya ƙarfi, kuma yana cin aikin ƙwaƙwalwa ne. Abin da muke gani da idonmu dai shi ne, aikin mai rubuta manhaja yana tashi daga buga layuka yana komawa ga abubuwa huɗu: fahimtar matsalar mutane, bayyana ta dalla-dalla, duba abin da na'ura ta kawo, da ɗaukar alhakin sakamako. Na ƙarshen nan babu injin da zai ɗauke wa mutum. Ran da dattijon nan ya rantse, mu Kawu ya kalla.

To ina damar ɗan Jigawa?

A nan ne muke ganin yayanki ya yi gaggawa. Alƙaluman Stanford na Amurka ne, ƙasar da kusan kowane shago da asibiti da makaranta sun daɗe da manhajojinsu. Mu a nan aikin ko farawa ba a yi sosai ba. Ku leƙa kasuwar Shuwarin ko Gujungu ko ta dabbobi a Maigatari, ku ƙirga 'yan kasuwar da lissafinsu ke cikin littafi ko cikin ka. Ku tuna ƙungiyoyin manoman shinkafa na kwarin Haɗejia, da masu adashe, da makarantun Islamiyya, da ƙananan asibitoci masu katin takarda. Injiniyan da ke Legas ko Indiya bai san da su ba, kuma ko ya sani kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. A da, haɗa wa irin waɗannan manhaja sai an tara mutum huɗu ko biyar. Yau mutum ɗaya da ya san abin da yake yi, da taimakon na'ura, zai iya. Injin da ya ƙuntata ƙofar babban kamfani shi ne ya rage tsadar buɗe taka ƙofar.

Akwai kuma maganar harshe. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun watan Disamban 2013, amma duk wanda ya gwada hira da waɗannan na'urori da Hausa ya san har yanzu suna tuntuɓe, musamman a karin magana da ƙananan haruffanmu masu lanƙwasa. Dalili shi ne rubutun Hausa a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci. Akwai ƙungiyar masu bincike mai suna HausaNLP, da dama daga cikinsu 'yan Jami'ar Bayero ta Kano ne, da ke tattara bayanai domin koya wa kwamfuta harshenmu. A watan Satumban 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da wata manhajar harshe mai suna N-ATLAS da aka gina domin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya. Irin wannan aiki yana buƙatar wanda ya tashi da Hausa a baki kuma ya iya kwamfuta. Ƙanwarmu, rabin sharaɗin kin riga kin cika shi tun a tsakar gidanku.

Wurin karatu ma ba sai an tafi nesa ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga sabuwar Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura, ga cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure da aka kafa tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Akwai shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Minista Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 da nufin horar da 'yan Najeriya miliyan 3. Shugaban hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar zamani a ƙasar nan tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejia ne. Mun kawo shi ne domin ku san daga irin garuruwanmu ma ana kaiwa.

Shawarwarinmu gare ku

Na farko, ku riƙe lissafi da Turanci da hannu biyu. Rubuta manhaja tunani ne a jere, mataki bayan mataki, kuma lissafi ne ke horar da ƙwaƙwalwa a kan haka. Kalmar da Turawa ke kiran jerin matakan warware matsala da ita, algoridim, daga sunan Al-Khwarizmi aka samo ta, malamin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, shekaru sama da dubu kafin a ƙera kwamfuta. Turanci kuwa da shi za ku yi wa na'ura bayani ku karanta amsarta. Wanda bai iya rubuta bayani mai ma'ana ba, na'ura ma shirme za ta mayar masa. Masu niyyar kimiyyar kwamfuta su sani JAMB na neman Turanci da lissafi da fizis da wani darasi ɗaya, ku duba ƙasidarta domin sharaɗin jami'ar da kuke so.

Na biyu, kada ku jira kwamfuta. Da wayar Android ana koyon Python, akwai manhajoji irin su Pydroid 3 da Sololearn, akwai darussa kyauta a freeCodeCamp, akwai kuma kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard da kowa zai iya kallo. Wanda ba shi da waya ya fara da takarda da biro, ya riƙa rubuta matakan warware matsala da Hausa. Idan makarantarku na da ɗakin kwamfuta, ku roƙi malaminku ya ba ku ko da awa ɗaya a mako.

Na uku, ku mayar da na'ura malamar bita, kada ku mayar da ita mai yi muku aikin gida. Dokar da muka kafa wa kanmu tun bayan abin da ya faru a rumfar Kawu ita ce: mu fara gwadawa da kanmu, idan mun maƙale mu tambaye ta ta yi mana bayanin inda muka kuskure, kuma ba ma karɓar layin da ba za mu iya bayyana aikinsa ga wani ba. Muna da abokan karatu da suke miƙa aikin gida mai kyau kamar na ƙwararru, amma ranar jarrabawa, da aka ce a rubuta layi goma a takarda, sai zufa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na huɗu, ku koyi gwaji da mugunta. Idan kun haɗa abu, ku nemi hanyar karya shi. Ku sa suna iri ɗaya sau biyu, ku bar gurbi babu komai, ku sa harafi a wurin lamba, ku kashe data ku ga abin da zai faru. Mu sunaye uku muka gwada muka ce an gama, kun ji yadda ta kaya.

Na biyar, ku haɗa kwamfuta da wani fannin. Yayanki ya ba da shawarar aikin jinya, kuma sana'a ce mai daraja da jiharmu ke matuƙar buƙata. Idan zuciyarki ta karkata can, ki tafi da farin ciki, ilimin kwamfutar ma zai yi miki amfani a asibiti. Abin da ba ma so shi ne ki bar abin da kike ƙauna saboda tsoron wani abu da aka nuna miki a daƙiƙa goma. Wanda ya san noma ya san kwamfuta, ko ya san lafiya ya san kwamfuta, ya fi wanda ya san kwamfuta kaɗai tsada a kasuwar da ke tafe.

Na shida, ku kiyaye amana. Kada ku zuba sunayen mutane da lambobinsu da sirrinsu a cikin manhajar hira don kawai ta taya ku aiki. Abin da ya shiga intanet ba ku da iko da inda zai kwana.

Game da Baba kuwa, ƙanwarmu, shirunsa ba ƙiyayya ba ce. Kuɗin riɗi gumin shekara guda ne, yana da haƙƙin ya ji tsoron zuba shi a rami. Kada ki yi gardama da shi ko da yayanki. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance ki ce: "Baba, a ba ni wata uku in gwada da waya tukuna." Ki ari wayar gida ki fara darasi, ki haɗa ɗan ƙaramin abu da zai gani da idonsa, ko da lissafin abin da aka kashe a gona ne da abin da aka samu. Idan wata uku suka cika kina ƙara son abin, ki nuna masa. Idan kuma kika ga ba layinki ba ne, kin huta, kuɗin Baba ma sun huta. Babu wanda zai yi miki alƙawarin aikin ofis ranar da kika gama jami'a, ko a wane fanni ne. Amma a yau da muke rubutun nan, Kawu yana amfani da manhajar da muka gyara, kuma 'yan kasuwa biyu maƙwabtansa sun aiko a haɗa musu irinta. Tsohon littafinsa dai yana nan a ƙarƙashin benci, mu ma mun ce kada ya yar.

Aikin wannan mako

Ga wani gwaji da ba ya buƙatar waya. Mata goma suna adashe, kowace tana zuba Naira 500 duk Juma'a, ana kwasa bi da bi. Ku rubuta matakan da uwar adashe za ta bi, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, kamar kuna yi wa wanda bai taɓa jin kalmar adashe ba bayani. Sannan ku amsa: me matakanku suka tanada idan wata ba ta zuba ba a makon da ba nata ba? Idan wadda ta riga ta kwasa ta daina zubi fa? Idan biyu daga cikinsu sunansu ɗaya fa? Ku aiko da amsoshinku ta hannun editan wannan shafi, tare da ajinku da garinku. Za mu buga uku da suka fi tsari, kuma duk wanda ya yi wannan aikin ya sani ya rubuta algoridim ɗinsa na farko.

A mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu koma kan jadawalin bita da muka yi alƙawari. Ƙanwarmu ta Aujara, muna jiran labarin yadda kuka yi da Baba. A gaishe shi, a gaida yayan naki ma. Allah Ya yi wa karatunku albarka. Wassalam.